Gidan gumagumai da muka saya a kan tirela, muka kafa a arewacin Minnesota

Ni da iyalina muna zaune a yankin Duluth, bakin tafkin Superior, a jihar Minnesota ta Amurka, inda aikin asibiti ya kawo ni. Da muka gaji da haya, sai muka sayi fili a daji arewa da gari, muka zaɓi gidan gumagumai, irin wanda kamfani ke yanka itatuwansa a masana'anta, ya sa wa kowane gungume lamba, ya loda a tirela ya kawo maka. 'Yan uwa da dama a nan suna da niyyar yin haka, kuma farashin da suke gani a kundin hotunan kamfani shi ke jan su.

To, wannan farashin na bango ne da ɗan abin da ke biye da shi. Wani kamfanin gumagumai kaɗai zai ba ka. Wani ya haɗa da katakon rufi da tagogi da ƙofofin waje, yadda ruwa ba zai shiga ba. Mu irin na biyun muka ɗauka. Amma sharar fili, da hanyar mota, da harsashi, da rijiyar burtsatse, da ramin bahaya da bututunsa, da jawo wuta, da na'urar ɗumama gida, da kicin, da kuɗin ma'aikata, duk a wuyanka suke. Da muka tattara lissafi a ƙarshe, abin da kamfani ya karɓa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da muka kashe ba.

Harsashi ne ya fara buɗe mana ido. A arewacin Minnesota doka ta ce sai an tona shi ƙafa 5 ƙasa, a kudancin jihar kuma ƙafa 3 da rabi. Dalilin shi ne ƙasa na daskarewa da sanyi, ruwan cikinta ya kumbura ya ɗaga duk abin da ke kansa, idan ta narke kuma ta sake shi a karkace. A garin Tower, cikin wannan ƙaramar hukuma tamu, sanyi ya taɓa kai digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius a watan Fabrairun 1996. A irin wannan ƙasa ba a tsumulmular harsashi.

Batun kuɗi kuwa ya zo mana da nauyi biyu. Kamfani na son kafin alƙalami tun kafin ya kunna zarto, sauran kuma kafin a sauke kaya daga mota. Banki shi kuma ba ya sakin kuɗin gini sai ya turo mutum ya ga aikin a tsaye, ga kuma ruwan da zai ɗora, wanda muka ƙudurta ba za mu taɓa ba. Masu ba da rance bisa tsarin Musulunci da muka tuntuɓa sun ce ginannen gida suke saya. Don haka muka bi hanyar da muka sani tun daga gida: tari, da adashi, da gini mataki mataki. Sai dai wannan gini yana da matakin da ba a tsayawa a tsakiyarsa. Daga ranar da aka ɗora gungumen farko sai an kai rufi, domin itace ba ya jure zama a fili yana shan ruwa.

Ranar kawo kaya ma sai an yi mata shiri. Daga wajen watan Maris, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, hukuma na rage nauyin da mota za ta ɗauka a ƙananan hanyoyi har tsawon makonni, saboda haka tirela ba ta shiga. Motar ɗaga kaya kai za ka yi hayarta, direba ba ya saukewa. Muka jera gumaguman a kan katakai nesa da ƙasa, muka rufe samansu da tamfol, muka bar gefe a buɗe don iska. Ina riƙe da takardar jerin kaya, uwargida na karanto lambobin da ke kan itatuwan. Nan muka ga wasu sun zo da gajarta, kuma da yake tun direba na tsaye muka rubuta, kamfani ya canza su ba gardama.

Jera bangon shi ne aikin da ya fi daɗi, kuma ya fi sauri. Namu na itacen fayin (pine) ne mai kaurin inci 8, waje a zagaye, ciki a miƙe. Kowane gungume yana da harshe a sama da kwari a ƙasa, a shimfiɗa soso mai hana iska a tsakani, a ɗora na gaba, a ɗaure da dogayen kusoshi masu zare. Layin farko ne ke cin lokaci, don in ya kauce da rabin inci, kaucewar za ta bi ka har rufi. Wayar lantarki kuma a cikin itacen take bi, ana huda ramin layi bayan layi yayin da bango ke tashi. Shi ya sa wurin kowane soket da makunni sai an tsayar da shi tun a zane. A zanen ne kuma muka daidaita ɗakin salla, domin alƙibla a nan arewa maso gabas take, muka sa wurin alwala a jikin bangon ciki mai tayil, nesa da gumagumai.

Abin da na fi son mai niyya ya riƙe shi ne wannan: bangon gumagumai yana sauka. Itace na ci gaba da bushewa bayan an gina shi, yana tsukewa a kaurinsa, nauyin rufi da na dusar ƙanƙara kuma na danne shi. Idan ɗanyen itace ne, magina na yin lissafin saukar da ta kai kashi 6 cikin 100 na tsayin bango, wato fiye da inci 6 a bango mai ƙafa 9. Wanda aka busar a tanderu, irin namu, saukarsa ba ta kai haka ba, amma yana sauka. Taga kuwa ba ta sauka, haka ƙofa, haka matakala, haka bututun ruwa da na hayaƙi, haka ginshiƙin da ke tsaye, don itace ba ya raguwa sosai a tsawonsa. In ba a bar musu sarari ba, bango zai zauna a kan taga ya fasa gilashi, ko ya rataye a kan ginshiƙi, tsakanin gumagumai ya buɗe iska na shiga.

Kafintan da ya ja ragamar aikinmu dattijo ne, jikan mutanen Finland da suka zauna a wannan yanki, waɗanda gine-ginensu na gumagumai ke tsaye har yau a ƙauyen Embarrass. Shi ya hana a kafe firam ɗin taga a jikin bango. Ya sa aka yanka kwari a bakin gumaguman, aka zura katako mai zamewa a ciki, aka ɗaura firam a kansa, aka bar sarari a saman kowace taga da ƙofa, aka cusa audugar hana sanyi, aka rufe da katakon ado da ke manne da sama kaɗai. A ƙarƙashin kowane ginshiƙi ya sa jak mai noti, wanda ake sassautawa ginshiƙin ya sauka tare da bango. Dokar ginin gumagumai ta Amurka, ICC 400, wadda ta fara fitowa a 2007, ta tanadi wannan lissafin, kuma mai duba gini ya tambaye mu shi.

A hunturun farko, da muka kunna murhu iskar ɗaki ta bushe, sai gidan ya fara ƙara da dare kamar harbin bindiga. Uwargida ta tashe ni ta ce, "Malam, anya gidan nan ba faɗuwa zai yi ba?" Gumagumai ne ke tsagewa a tsawonsu, abin da ba ya rage musu ƙarfi. Daga baya ƙofar baranda ta soma cijewa. Na auna, na sassauta notin jak kaɗan kamar yadda dattijon ya nuna mini, ta saki. Tun daga nan nake aunawa duk kaka da bazara, ina rubutawa a littafi.

Ɗumi fa? Inci ɗaya na fayin yana ba da kusan 1.4 a ma'aunin R, mai auna yadda abu ke hana zafi fita, wato bangonmu kusan 11 ne kawai, ƙasa da bangon zamani mai audugar hana sanyi. Yana riƙe zafi ya sake shi a hankali, gaskiya ne, amma a watan Janairu wannan bai isa ba. Mun rama a rufi da tagogi, da toshe duk wata kafar iska a kusurwoyi.

Sai ruwa da rana, waɗanda su ne abokan gabar gidan. Tsagar da ta kalli sama a bangon waje tana tara ruwa, dole a cike ta. Man da ake shafa wa itacen yana ƙonewa a bangon kudu da na yamma kafin sauran, sai an wanke an sake shafawa bayan 'yan shekaru. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yaɓe kafin damina, to haka wannan yake. Mun fesa sinadarin boret kafin shafen farko saboda ruɓewa da ƙwari masu huda katako, kuma ba ma jingina itacen murhu da bango.

Kafin mu sa hannu a takarda, mun nemi kamfani ya rubuta mana yawan danshin da ke cikin itacen a ranar kawowa, da incin da bango zai sauka, da wanda zai biya in kaya suka zo ba daidai ba. Mun kuma roƙa a kai mu gidan da suka sayar fiye da shekara 10 da suka wuce. Can na zagaya bangon yamma na danna layin ƙasa da mabuɗin mota, ya shige, saboda ruwan rufi na zuba kusa da bango yana fantsama. Da muka dawo sai muka sa aka faɗaɗa bakin rufinmu zuwa ƙafa 3, aka sa indararo, aka kuma ɗaga gungumen farko ƙafa 2 daga ƙasa.