Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Rudun Albasa

Wancan makon na tsaya a rasuwar Baffa, Allah Ya jiƙansa. Rabon fadamarmu ta wajen Kware ba zan tono shi ba, kowa a gidanmu ya san wanda ya ɗauki bakin ruwa da wanda aka bari da tudu. Abin da ke cina har yau shi ne maganar da Yaya Babba ya yaɓa mini ranar sunan ɗiyar ƙanwarmu, a gaban surukai, wai ni mai gajen haƙuri ne, ba zan taɓa yin arziki da albasa ba.

Laifina kawai na sayar da fiye da rabin albasata tun lokacin cira, sa'ad da ta cika kasuwa ta yi araha. Shi kuwa ya zuba tasa duka a rudu, wato rumbun da ake ajiye albasa, yana jiran tsadar bayan damina. Tsadar tana zuwa, wannan ko yaro ya sani. To amma Baffa yakan ce, "Kahin ka ƙidaya abin da kas samu, ƙidaya abin da kab bari." Tabarma ɗaya muke zaune ni da Yaya duk lokacin da yake faɗin haka.

Albasa a rudu ba hutawa take ba. Zafin bazara yana shanye ruwanta ta rame. Da damina ta sauka danshi ya shiga, sai ka tura hannu ƙasa ka ji ta yi laushi, baƙin ruwa na bin yatsunka, warin kuwa sai ya kwana a rigarka. Dole a riƙa juya ta ana tsince ruɓaɓɓu, yaran da ke wannan aiki kuma ba kyauta suke yi ba. Wadda ta tsira daga ruɓa sai ta fara tsiro. Ka zuba buhu goma, in ka kwashe bakwai ka gode wa Allah. Sannan kuɗin da ke kwance cikin rudun nan wata da watanni, ai suna da aikin da za su yi a waje. Ni da nawa na sayi raguna a kasuwar Achida, uwargida ta yi kiwonsu da harawa da dusa har layya, na kuma ajiye taki kafin ya tashi. Yaya bai taɓa sa waɗannan a lissafi ba. Kuɗin buhu kawai yake faɗa a majalisa, ba ya faɗin buhu nawa ya zubar a juji.

Akwai shekarun da ya fi ni samu, ban musa ba. Amma hanya ma ba ta da tabbas. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, aka tsayar da motocin kayan abinci zuwa Kudu, na ga manyan dillalai tsaye kan kayansu ba mai taya.

Mai gajen haƙuri! Ni da na yi noman tudu ina jan ruwa da dogon tiyo.

Tiyon nan ma ya tuna mini 2023, da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu. Babban ɗana ya dage kada mu rabu da tsohon injin ban-ruwa, wai mun kashe masa kuɗin gyara da yawa. Na ce masa, "Kai yaro, kuɗin gyara sun tafi, ba su dawowa ko mun riƙe shi ko mun sake shi. Faɗa mini man da zai sha daga nan zuwa cirar albasa." Muka zauna da biro da takarda. Lissafin Baffa ne dai, abin da za ka bari in ka riƙe. Na sayar da injin da raguna biyu, na ciko, na kafa mai aiki da hasken rana.

Bara Yaya ya aiko ɗansa neman in ba shi ruwa ya ƙarasa ban-ruwan kwaminsa, mai ya gagare shi. Na ba shi, ɗan'uwa ne. Amma maganar ranar suna bai janye ta ba, surukan da suka ji ta kuma suna nan da ransu.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda aka yi auren uwargida, da rawar da Goggo ta taka.