Hawan Mambila da ƙaramar mota

Duk direban da ka gaya wa za ka Gembu, kafin ya yi maka fatan sauka lafiya sai ya tambayi lafiyar birkinka. Daga Gombe har Serti tafiya ce irin wadda kowa ya saba, ramuka da shingayen jami'an tsaro da zafin rana. Amma da zarar an wuce Mayo Selbe sai hanya ta miƙe sama, ta kama tsaunin Mambila, wanda tudunsa ya kai kusan mita 1,600 a kan teku. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muna iya shekara da shekaru muna tuƙi ba mu nemi rabin abin da aka saka wa motarmu ba. Can kuwa kowane abu sai an neme shi, kuma ba a ba ka lokacin shawara.

Ƙanwata da ke aure a Gembu ce ta haihu, Hajiya ta ce lallai a je barka. Kawunmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota a tsohuwar jihar Gongola, ya ce da shi za a tafi, amma da sharaɗin motar ta fara kwana a gareji. Corolla ce 'yar Kwatano mai giyar otomatik, ta biyo hannuwa kafin ta iso gare ni.

Bakaniken na buɗe bonet Kawu ya ce in tayar da inji. Ina murza makulli fankar lagireto ta ɗauka, alhali injin ko ɗumi bai yi ba. Kawu ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, kwance bakin tiyon nan na ƙasa mu gani.” Aka kwance, gurbin tamostat wayam. Wani ya cire shi tun kafin motar ta zo hannuna, ya haɗa fanka dairek. Bakaniken ya ce, “Ai Baba, haka muke yi. Wannan na ƙasar Turawa ne, ƙasar sanyi.”

Maganar nan ta yaɗu a garejojinmu, kuma tana ɓata injuna ba kaɗan ba. Tamostat ɗan ƙaramin bawul ne a mashigar ruwa tsakanin inji da lagireto. Idan inji na da sanyi yana rufe, ruwa ya riƙa zagayawa cikin injin kaɗai har ya ɗumama, sai zafi ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe ya tura ruwan lagireto. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Idan aka cire shi, inji ya daɗe bai kai wannan zafin ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu ana ɗumi ne, ta ci gaba da ƙara mai. Ka ga an samu shan mai, fulogi na yin baƙi, ƙarafan ciki na cin juna. Motar da ke zafi kuwa da dalilinta: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Cire tamostat ɓoye ciwon yake yi kawai. A Makka da Madina, inda rana ta fi tamu ƙuna, irin motocin nan da tamostat ɗinsu suke yawo. Muka sayi sabo aka saka, aka mayar da wayar fanka inda take, aka zubar da ruwan rijiyar da ya yi ja da tsatsa aka zuba ruwan lagireto mai launi.

Sai man birki. Kawu ya buɗe ɗan tankin ya leƙa, man ya yi duhu. Shi wannan mai yana tsotsar danshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana jure zafin digiri 205 kafin ya tafasa, wanda ya sha danshi kuwa tun daga 140 yana iya tafasa. Idan ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota na ci gaba da gudu. Aka tsiyaye shi gaba ɗaya aka zuba sabo. A wurin mai faci kuma na duba lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Safaya ce ta tsufa, gefenta duk ya tsattsage ko da yake zanenta na nan daram, na sauya ta. Mai facin ya so ya ɗura iska 45, na nuna masa takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda aka rubuta 30. Tayar da ta cika da iska tsakiyarta kaɗai ke taɓa kwalta, a jiƙaƙƙiyar hanya kuwa wannan ba ƙaramin hatsari ba ne.

Muka fita bayan asuba. Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, sai gonakin rake na wajen Numan da gadar Binuwai. Hanyar Numan zuwa Jalingo ta ba mu wahala, muka kwana a Jalingo. Washegari Garba Chede, sai Bali a bakin kogin Taraba, sai Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, mafi girma a Najeriya. Nan na cika tanki, muka yi azahar, muka ci abinci. Ƙarshen damina ne, ƙasa kore shar, kuma can gaba ana hango duwatsu sun tokare sama, kawunansu cikin gajimare.

A gindin hawa Kawu ya ce in kashe esi, in sauke gilashi, in kashe rediyo. “Kunnenka nake so a waje,” in ji shi. Na ja giya daga D zuwa 2. Mai otomatik idan ka bar ta a D a doguwar hawa sai ta yi ta sauya giya, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, man giya ya yi zafi a banza. A lamba 2 ta tsaya wuri ɗaya tana ja da ƙarfinta.

Hanyar siririya ce, kwana a kan kwana. Gefe guda bangon dutse ruwa na tsatsafowa daga jikinsa, ɗaya gefen kwazazzabo, sai dai ka hango kan bishiyoyi can ƙasa. Kowace kwana sai na danna oda kafin in shiga, domin ba ka ganin mai saukowa, shi ma ba ya ganinka. A hawan da ake kira Biyu da Sisi na ji motar ta yi nauyi, ina taka totur tana nishi kamar mai ɗauke da buhun hatsi. Ba lalacewa ta yi ba. Iskar sama ba ta da kauri, inji kuma da iska yake ƙona mai, saboda haka duk mita 300 da aka hau yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Idona ɗaya na kan hanya, ɗaya na kan allurar zafi. Ta tsaya ɗan ƙasa da tsakiya ba ta motsa ba. Can sai na ji fanka ta ɗauka da kanta, ta yi ɗan lokaci ta tsaya. Kawu ya ce, “Ka ji ko? Yanzu ta san aikinta.”

A wani ɗan fili muka tarar da mota a tsaye, bonet a buɗe, tururi na tashi, mata da yara na zaune a bakin hanya. Direban, saurayi ne, ya naɗe hannu da tsumma zai murɗe murfin lagireto. Kawu ya leƙa ta taga ya daka masa tsawa: “Kai yaro, kar ka taɓa!” Na tsaya, na ja birkin hannu, muka sa dutse a bayan taya. Murfin nan shi ke danne ruwa, ya sa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Kana buɗe shi da zafi dannewar ta tafi, ruwan ya tafasa nan take ya feso maka a fuska. A wannan tudun ma ruwan da ba a danne ba tun wajen digiri 95 yake tafasa. Muka zauna da su har injin ya huce, muka ba shi jarkar ruwanmu, ya zuba a hankali inji na aiki. Robar murfinsa ce ta cinye, abin da kuɗinsa bai kai na lita biyun mai ba. Ya yi ta godiya, “Allah ya saka, Baba,” ya ce zai nemi sabo a Nguroje.

Kafin mu ƙarasa sama hazo ya sauko. Cikin ɗan lokaci na daina ganin abin da ya wuce tsawon mota uku, sanyi ya sa muka ɗaga gilasai, sai kuma gilashin gaba ya yi raɓa ta ciki saboda numfashinmu. Shafa shi da hannu ƙara dagula shi yake yi. Na juya maɓallin iska zuwa alamar gilashi, na kunna esi, na buɗe mashigar iskar waje. Mutane da yawa sun ɗauka esi sanyi kaɗai yake bayarwa, alhali yana busar da iska ma, busasshiyar iskar ce ke shanye raɓar. Na danna na gilashin baya, siraran wayoyin da ke jikinsa suka ɗumama shi ya washe. Fitila kuwa gajera na kunna. Doguwa a cikin hazo dawo maka take yi a ido, ka ga fari fat kawai.

Da hazon ya yaye wajen Maisamari sai ga wata ƙasa daban. Tuddai ne masu laushi lulluɓe da ciyawa iya ganinka, shanun Fulani sun bazu a kansu, layukan bishiyar turare sun kewaye gidaje. A Nguroje muka sha shayi mai zafi, mutane cikin rigunan sanyi da huluna tun rana ba ta faɗi ba. Ta wajen Kakara ga gonakin ganyen shayi a jere. Muka riƙa gamuwa da tsofaffin Land Rover maƙare da kaya da mutane, waɗanda a birni sai dai a hoto, nan kuwa su ne ke shiga ƙauyuka. Kawu ya tuna mini cewa yankin nan a da ɓangaren Kamaru ta Arewa ne ƙarƙashin Ingila, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya. Ƙaramar hukumar ma sunan Sardauna take ɗauke da shi. Mun shiga Gembu gab da magariba. Mai jego da jaririya lafiya lau.

Da asubar Gembu ruwan alwala sai an ɗumama. Na tayar da mota zan kai surukan ƙanwata kasuwa, kafin mu fita unguwa allura ta taso, na murɗa maɓallin hita iska mai ɗumi ta cika motar. Hita daga zafin ruwan inji take samun ɗuminta. Wani maƙwabcinsu da ya shiga tare da mu ya ce tasa ba ta taɓa yin haka ba, sai ya yi nisa sosai. Na ce ya sa a duba masa tamostat.

Saukowa ta fi hawa hatsari, ko da yake ta fi daɗi a jiki. Tun kafin gangaren ya fara na sa lamba 2, inda ya yi tsanani na rage gudu na ja ta L, giya mafi ƙanƙanta. Inji ya ɗaga murya, motar ta riƙe kanta. Birki kuma ba na ɗora masa ƙafa in bari. In taka da ɗan ƙarfi kafin kwana, gudu ya ragu, in ɗaga ƙafa ya sha iska. Wanda ya ɗora ƙafa tun daga sama har ƙasa, faifan birkinsa zai yi zafi har takalman su daina kamawa, man ya tafasa. Ƙa'idar tsofaffin direbobi Kawu ya maimaita mini: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko.

Wata motar haya ta wuce mu shiru, babu ƙarar inji, ta bar mana ƙaurin birki. Direban ya sake ta a firi ne, wato ya cire ta daga giya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ɗabi'a ta ƙaru, kuma ina tausaya wa direban haya, domin na san abin da lita ke ci daga cinikinsa. Amma ko ta fuskar man ma asara ce. Motocin yanzu idan suna gangara cikin giya kuma ƙafarka ba ta kan totur, kwamfuta yanke mai take yi, tayoyi ne ke juya injin. A firi kuwa dole inji ya sha mai don kar ya mutu. Wanda ya kashe injin gaba ɗaya ya fi kowa ganganci, don sitiyari zai yi tauri, birki ma bayan taku biyu ko uku ya ƙage. Fasinjojin da ke ciki ba su san an ɗora rayukansu a kan birki kaɗai ba.

A wata kwana ruwa ya kwaso tsakuwa ya zube a kan kwalta, ga saniya ta fito daga ciyawa. Na taka birki sosai, ya riƙa bugun tafin ƙafata yana gurnani. Wannan ABS ne yake kamawa yana saki da sauri don kar tayoyi su kulle su ja. Wasu na jin haka sai su firgita su ɗaga ƙafa. Na danne, na karkata sitiyari kaɗan, motar ta bi, saniyar ta tsallaka.

A Mayo Selbe muka tsaya. Kawu ya zaga motar yana kai bayan hannunsa kusa da kowace taya ba tare da ya taɓa ba, akwai ɗumi amma babu ƙauri. Can gaba ga motar hayar nan a gefen hanya, tayar gaba na hayaƙi, yaron mota ya ɗebo ruwa a bokiti zai watsa. Kawu ya taka ya je ya hana shi, ya ce ruwan sanyi a kan faifai mai zafi lanƙwasa shi yake yi, su bar shi ya huce da kansa. Ya ja direban gefe suka daɗe suna magana, murya ƙasa-ƙasa. Da ya dawo na mayar da giya D, muka sayi ayaba a bakin hanya, muka kama hanyar Serti don mu kai Bali kafin duhu.