Gwajin daƙiƙa 30 da ya koma talla a bayan idona

Idan kana koyon haɗa katun a Legas, rashin jin labarin dama ba ya cikin damuwarka. Garin Allah ba ya wayewa sai an turo wani abu a zauren ɗalibai na WhatsApp: ana neman masu koyon aiki a Lekki, an buɗe gasa, za a ba da horo kyauta, wani situdiyo a Ikeja yana neman mai motsa zane cikin gaggawa. Abin ya ƙaru tun da shirin katun na Iwájú ya fito a Disney+ a Fabrairun 2024, aikin haɗin gwiwar Disney da Kugali, domin kowa ya ga Legas ɗin nan da muke cunkuso a danfo ta zama fagen labarin da duniya ke kallo. Kafin shi an yi Lady Buckit and the Motley Mopsters a Disambar 2020, wanda ake lissafawa a matsayin dogon fim ɗin katun na farko da Najeriya ta kai silima, sannan Iyanu na Roye Okupe ya biyo baya a 2025. Har iyaye sun fara sassautawa. Kawuna da ke sayar da albasa a Mile 12, wanda a da yake ce mini "kai da wasan yaranka", yanzu shi ke tambayata ko an fara biyana.

A cikin wannan tarin sanarwa ne na faɗa hannun wasu mutane, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Sanarwar tasu ta bambanta da sauran da abu ɗaya: sun ce suna neman ɗalibin da ke jin Hausa sosai. Ni haifaffen Agege ne, ina karatun zane a Yaba, kuma tun da na fara ban taɓa ganin an nemi Hausa a wannan sana'ar ba. Har na kira Umma na karanta mata. Na tura musu kundin ayyukana, suka amsa a ranar, suka ce na tsallake matakin farko, saura gwaji. Wanda ya fi kowa za a ɗauke shi koyon aiki na wata shida da alawus.

Gwajin kuwa daƙiƙa 30 ne. Mace mai shagon kayan masarufi da yarinyar da aka aiko sayayya, suna hira a kan wani kaya da aka bar gurbin sunansa ba a cike ba. Da Turanci suka rubuta hirar. Ni zan mayar da ita Hausa, ni zan nemo masu murya, ni zan zana mutanen in sa musu gaɓoɓi in motsa su, kuma in haɗo da ainihin fayil ɗin Blender, manhajar da nake haɗa katun da ita, wai don su ga tsabtar aikina. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da daƙiƙa 30 ke nufi. Hoto 24 a kowace daƙiƙa, hotuna 720 ke nan. Laftof ɗina da na saya na hannu a Computer Village yakan ci wajen minti uku a kan hoto ɗaya idan na yi renda, wato fitar da hotunan ƙarshe, da injin Cycles na Blender, ka ga awa 36 ke nan inji na kuka, in har ba a sami kuskuren da zai sa a sake ba. Wutar NEPA ba ta tsayawa haka a layinmu, janareta ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Ƙanwata ce ta yi muryar yarinyar, maƙwabciyarmu, wadda muke kira Anti, ta yi ta mai shago. Sai tsakar dare muke ɗauka, lulluɓe da barguna, don Agege ba ta yin shiru kafin nan. Fim ɗina na kaina, wanda nake shirin tura wa bikin fina-finai na AFRIFF da ake yi a nan Legas a watan Nuwamba, na ajiye shi gefe.

Inda na fi zuba ƙarfina shi ne bakin mutanen, kuma nan ne nake so 'yan'uwana ɗalibai su saurara da kyau, domin shi ne abin da aka zo ɗauka a wurina.

Jadawalin siffofin baki da ake koya mana a aji, da wanda ke cikin littattafai da darussan YouTube, an gina shi ne a kan Turanci. A can, idan za a ce "f", haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. Bahaushe ba haka yake yi ba. Ka tsaya gaban madubi ka ce "fura" ko "lafiya", za ka ga leɓɓanka biyu ne ke matsowa kusa da juna, haƙora ba su fito ba. Idan ka sa wa mace mai shago waccan siffar ta cizon leɓe, duk Bahaushen da ya kalla zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai san mene ne ba, sai ta zama kamar baƙuwa ce aka ɗora wa muryar wata. Haka ɓ, dole leɓɓa su rufu ruf kamar b da m. Su kw da gw da ƙw kuwa, baki yana fara tattaruwa tun kafin sautin ya fito, don haka sai ka gabatar da siffar da hoto ɗaya ko biyu. Ga wasula masu tsawo da ba a nuna tsawonsu a rubutu, sai kunnen da ya tashi da harshen ne zai san inda za a riƙe baki a buɗe. Manhajojin da ke daidaita baki da murya da kansu ba su san wannan ba, da hannu na bi kalma bayan kalma. Bayan baki akwai jiki: yarinya ba za ta tsaya ƙiƙam ta zuba wa babba ido ba, za ta ɗan rusuna, ta miƙa kuɗi da hannun dama. A rubutun da suka ba ni, yarinyar tana shiga shago ne ta faɗi abin da take so kai tsaye. Na ƙara mata sallama da gaisuwa, na rage wani wuri don lokacin ya isa.

Na tura. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sai ga imel mai layi biyu: an gode, aikina ya yi kyau, amma ba a zaɓe ni ba a wannan karon. Na ji zafi, amma na haƙura, gasa ce ai. A lokacin an riga an rufe karɓar fina-finai a bikin da na yi niyya.

Bayan 'yan watanni wani ɗan'uwanmu da ke Kano ya turo wa ƙanwata bidiyo, ya ce: "Ke, wannan ba muryarki ba ce?" Talla ce ke yawo a Facebook, ana nuna wa mutanen Arewa. Mai shagona ce, yarinyata ce, rusunawar da na sa ce. An canza launin atamfar, an cike gurbin nan da sunan kaya, an ɗora tambarin kamfani a ƙarshe. Shi ke nan aikin da suka yi. Yanzu na gane amfanin fayil ɗin da suka nace sai na haɗo.

Na je har ofishinsu. Wanda ya gan ni bai ko musa ba. Ya ce duk abin da aka turo a gwaji mallakin situdiyo ne, kuma in gode Allah aikina ya shiga duniya, suna na samu. Wane suna? Babu sunana ko'ina a jikin tallar. Na sake karanta duk saƙonninmu daga farko, babu inda aka ce na mallaka musu komai. Kamar ka ce wa tela ya ɗinka maka kayan Sallah cif don ka ga ko ya iya, ka ce masa bai ci gwaji ba, sannan ya hange ka a filin idi sanye da su.

Akwai wani babban yayanmu a sana'ar, mutumin Zariya ne da ya daɗe yana aikin tallace-tallace a Legas. Shi na kai wa kuka. Na ce: "Yaya, kotu zan kai su." Ya ce: "Zauna tukuna, ƙanena. Nawa kuka yi ciniki?" Na ce ba mu yi ba. Ya bayyana mini cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce mallaka wa wani haƙƙin aiki ba ya tabbata sai a rubuce, don haka maganar mutumin nan ba ta da tushe. Amma ƙaramar kotun basussuka da Jihar Legas ta buɗe a 2018, wadda mutum zai iya zuwa ba lauya, tana sauraron bashi ne mai adadi sananne. Ni kuwa ba ni da adadi. Shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce, kuma ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota zuwa Yaba ba shi da ƙarfinta. Sun san haka sarai, shi ya sa ɗalibai suke nema ba ƙwararru ba. Yaya ya sa wani lauya abokinsa ya rubuta musu wasiƙa, muka haɗa da hotunan fayilolina masu kwanan wata da muryoyin asali da ke wayata. Suka turo wani abu da suka kira kuɗin mota. Bai mayar mini da kuɗin man janareta ba.

Ba ina cewa a guji gwaji ba ne, situdiyo yana da haƙƙin ganin hannunka. Amma yanzu na san kamannin na gaskiya. Gajere ne, daƙiƙa biyar zuwa goma. Su ke ba ka ɗan katun ɗin da gaɓoɓinsa da muryar, kai motsawa kawai za ka yi. Iri ɗaya ake ba kowa, kuma sau da yawa tsohon aiki ne da aka riga aka fitar. Da zarar ka ga labari cikakke mai farko da ƙarshe, da gurbin sunan kaya, da wa'adi mai tsauri kamar akwai wanda ke jira a bayan ƙofa, to akwai mai jiran. Kada ka tura ainihin fayil. Bidiyo marar nauyi ya isa, da sunanka a rubuce a tsakiyar hoton, ba a kusurwar da za a yanke ba. Kuma kafin ka taɓa linzami, ka rubuta musu layi ɗaya a imel cewa aikin na gwaji ne kawai, amfani da shi a kasuwa sai da yarjejeniya da farashi kaza. Ka faɗi adadin. Wannan adadin ne na rasa a gaban Yaya.

Damarmakin gaske suna nan, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa neman in yi wa wani talla kyauta. Triggerfish Academy, na kamfanin Afirka ta Kudu da ya yi Kizazi Moto da Supa Team 4 a 2023, yana da darussa kyauta a intanet, data kawai za ka kashe. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na horar da matasa fasahar zamani, ya sa haɗa katun cikin fannonin da yake koyarwa. Lagos Comic Con, da Ayodele Elegba ya fara a 2012, wuri ne da za ka tsaya gaba da gaba da masu situdiyo ka nuna musu aikinka a waya, kuma a nan ne za ka ji a bakin sauran ɗalibai wa ke biya wa ba ya biya, labarin da ba a rubutawa a sanarwa. Mai dogon buri kuma ya sa ido a kan Annecy da ke Faransa, bikin katun da ake yi a watan Yuni tare da kasuwarsa ta MIFA, wanda a 2021 ya karrama katun ɗin Afirka. Duk waɗannan abu ɗaya suke so a hannunka, ƙaramin aiki naka da ka gama. Irin wanda na ajiye don in yi wa waɗancan mutanen gwaji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mu kanmu ba mu san darajar abin da muke riƙe da shi ba, alhali 'yan kasuwa sun sani. Masu talla da ƙungiyoyin wayar da kai a kan lafiya suna son isa ga masu jin Hausa daga Sakkwato har Yamai, amma situdiyoyin suna Legas, kuma da wuya ka sami Bahaushe a cikinsu. Malika, littafin zane na Roye Okupe, wanda Anthill Studios suka mayar gajeren katun a 2019, daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya sami ruhinsa. Adamu Waziri ya nuna da Bino and Fino cewa ana iya gina shirin yara daga Abuja ya kai ƙasashen waje. Kayan labari namu ne, harshe namu ne, amma idan an zo nema sai mu ji kamar alfarma aka yi mana. Ni haka na ji ranar da na karanta wa Umma sanarwar nan.

Daga baya wani situdiyo ya neme ni ta hannun Yaya, a kan saƙon rigakafi na yara. Gwajinsu daƙiƙa takwas ne da ɗan katun nasu. Da aka zo maganar kuɗi na raba takardar gida huɗu: fassara da gyaran hira, masu murya, motsa jiki, daidaita baki da Hausa, kowanne da farashinsa, rabi kafin in fara. Mai kula da aikin ta tambayi dalilin da daidaita baki ya zama layi na daban, sai na buɗe mata "lafiya" iri biyu a allo, na jadawalin aji da nawa, ta kalla sau biyu ta sa hannu. A kuɗin farko da ya shigo na cire na Anti da na ƙanwata na wancan aikin na baya, domin su ma muryarsu aka sayar ba a tambaye su ba. Anti ta ƙi karɓa da fari, sai da Umma ta sa baki.