Hannun da ya cika ba lallai ne ya buɗe ba

A lokacin da muke neman taimako domin wani marar lafiya da ke buƙatar tiyata, na lura cewa masu ƙaramin albashi ne suka fara miƙo abin da ya sawwaƙa, yayin da wasu da Allah Ya buɗa wa a 'yan shekarun nan suka ce a ba su lokaci. Ban ɗauki hakan a matsayin rowa tsantsa ba.

Mafi yawan arzikin da ke ƙaruwa ba tsabar kuɗi ba ne. Yana kwance ne a filaye, gine-gine da hannun jari, kuma mai shi ba ya son rabuwa da abin da yake sa ran darajarsa za ta hau gobe. Ɗawainiya ma tana girma tare da samu. Amma abin da ya fi damuna shi ne nisa, domin wanda ya samu yakan koma hulɗa da waɗanda suka fi shi, sai ya riƙa auna kansa da su yana ganin bai kai ba tukuna, koken mabuƙata kuma ya daina isa kunnensa kai tsaye.

Ko alƙawarin da manyan attajiran Amurka, Bill Gates da Warren Buffett, suka ƙaddamar a 2010, na cewa attajirai su sadaukar da fiye da rabin dukiyarsu, bai ɗaure kowa a gaban doka ba, kuma ya ba da damar a jinkirta bayarwar har zuwa cikin wasiyya.