Yadda Nake Auna Maganaɗisun Filamen na Rana Daga Kumasi

A nan Kumasi babu madubin hangen Rana da zai iya wannan aiki, ko da akwai ma, hazon hunturu da gizagizan damina ba za su bari ba. Shi ya sa nake sauko da bayanan na'urar GRIS da ke kan madubin GREGOR mai faɗin mita 1.5 a tsibirin Tenerife, in yi sauran aikin a kwamfuta.

Filamen shi ne baƙin zaren nan da ake gani a fuskar Rana. Gas ne mai zafin kusan digiri 8,000, maganaɗisu ya tallafe shi a cikin korona, wato sararin wajen Rana, wadda zafinta ya haura miliyan. Maganaɗisun ba ya ganuwa, sai dai yana barin sawu a karkatar haske. Layin heliyom nake dubawa, wato alamar da gas ɗin heliyom ke bari a hasken Rana a tsawon zangon nanomita 1083, da ma'aunai huɗu na Stokes: I yawan haske, Q da U karkata ta miƙe, V karkata ta zagaye.

V yana zuwa ne daga tasirin Zeeman, wato rabewar layi saboda maganaɗisu, kuma ɓangaren maganaɗisun da ya fuskanto mu kaɗai yake nunawa. A filamen mai natsuwa ƙarfin maganaɗisun bai cika wuce gaus 30 ba (gaus ma'aunin ƙarfinsa ne), kuma a kwance yake, don haka a tsakiyar Rana V yakan nutse cikin hayaniya. Sai a koma ga Q da U, wato tasirin Hanle, yadda maganaɗisu ke sauya karkatar hasken da gas ya watsa. Amma a wannan layin, da zarar ƙarfi ya wuce kamar gaus 8, alkibla kawai suke bayarwa.

Tsabtace bayanai shi ne ke cin lokaci, kuma ya cancanta. Siginar karkatar ƙarama ce ƙwarai idan an gwada da I, ɗan yoyon I zuwa cikin Q ya isa ya ƙirƙiro maganaɗisun da babu shi. Nakan duba gefen da babu layi: dole Q, U da V su zama sifili a wurin, in ba haka ba a cire rarar. Layin silikon na 1082.7 da na tururin ruwan samanmu a 1083.2 su nake daidaita tsawon zango da su. Haɗa fiksal huɗu yana rage hayaniya da rabi, amma ƙananan zaruruwa za su ɓace.

Bayan nan sai manhajar HAZEL, wadda ke lissafo maganaɗisun daga ma'aunan Stokes. Kada ka yarda da amsarta ta farko. Alkibla da kishiyarta, digiri 180, sigina ɗaya suke bayarwa, ga kuma ruɗanin kusurwar Van Vleck ta digiri 54.7, inda alkiblu biyu, ɗaya ƙasa da ita ɗaya sama, kan ba da sigina ɗaya, har amsoshi huɗu kan dace da bayanai ɗaya. Nakan tayar da lissafin daga mafari daban-daban in tattara amsoshin duka, sannan in ɗora kan taswirar maganaɗisun fuskar Rana ta HMI, na'urar da ke kan tauraron ɗan adam SDO. Filamen yana kwanciya ne a kan iyakar da arewa da kudu na maganaɗisu suka haɗu, kuma maganaɗisunsa yawanci yana bin tsawonsa da ɗan karkace, digiri 20 zuwa 30. Inda amsa biyu suka rage bayan wannan, duka biyun nake rubutawa a rahoto.