Kwana Shida da Suka Zama Takwas

Taswira ta ce kilomita 420. Na raba su kwana shida, 70 a kullum, na ɗaure kaya a kariyar kekena na kama hanya. Lissafin wanda ya saba da fili ke nan.

Ranar farko hanya ta yi mini kara, gonaki dama da hagu, iska a bayana. Washegari, ina haye wata ƙaramar gada, sai ga allo an rubuta 10%. Wato duk mita 100 da ka ci gaba, ka hau mita 10. A rubuce ba komai ba ne. A gwiwa kuwa, na yi ta sauke giya har sarƙa ta koma kan babban haƙorin baya, babu sauran inda za ta je. Feda na juyawa, keke na rarrafe, ina jin bugun zuciyata a kunne. Wani dattijo da ke kora awaki ya jera da ni ba tare da ya ƙara sauri ba.

"Ɗana, sauka ka tura mana. Wa zai yi maka dariya a nan?"

"Baba, saura kaɗan."

"Haka na jiya ma ya ce."

Na sauka. Sai da na fara turawa na san nauyin kilo 18 ɗin da na ɗauko: littattafai biyu da ban buɗe ba, takalmi na biyu, har da kujerar naɗewa. Ban san me ya hau kaina ba. A ƙauyen gaba na rabar da kusan rabi.

Amma ba hawa ne ya kusa kayar da ni ba, gangara ce. A rana ta huɗu na kai ƙololuwa rigata sharkaf da gumi, sanyi ya kama ni nan take, don duk mita 1,000 da ka hau zafi kan ragu da kusan digiri 6. Yatsu a sandare, na riƙe birki gam tun daga sama, ban saki ba. Robar birki tana gogar rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, rim yana ɗaukar zafi, iskar cikin taya tana kumbura. A lanƙwasa ta biyar tayar baya ta fashe, fau! Allah ya sa na riga na rage gudu. Na taɓa rim ɗin, ya ƙona ni.

A gindin wani dutse na zauna na sa sabon tif, na tattaro tsohon ko zai faciyu, ashe ya tsage tsawon taƙi guda. Daga nan na koma matsa birki in saki, gaba sannan baya, ina tsayawa rim ya huce.

Na isa a rana ta takwas da la'asar, famfo a hannu, don tayar gaba ma ta fara sacewa.