Abin da rana ke yi wa rufin gida

Ƙannena masu shirin gini, da ku da aka bar wa gida ku riƙe: a inda ruwan sama bai wuce na 'yan kwanaki a shekara ba, mutum yakan ɗauka rufi ba ya buƙatar kulawa. Haka na ɗauka ni ma, na yi shekaru ban taka tsani ba. Ashe rana na can tana ɓarnarta, ruwan farko ne kawai ya zo ya tona.

Kwano yana miƙewa idan ya sha zafi, ya tsuke idan dare ya yi. Da tsakar rana rufi mai duhun launi yakan kai digiri 70, kafin asuba ya huce sarai. Fallen kwanon ƙarfe mai tsawon mita 6, in zafinsa ya tashi da digiri 50, yakan ƙaru da fiye da milimita 3. Na alminiyam kusan ninki biyun haka. Ƙas-ƙas ɗin nan da kuke ji a sama da hantsi da bayan magariba, shi ke nan. Wannan ɗan motsi na kullum ne ke faɗaɗa ramin ƙusa har kanta ya ɗago. Robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar kuma rana ce ke busar da ita. Ranar da na hau, na sa farce na taɓa ɗaya, sai ta marmashe kamar busasshen ganye.

Nan na tafka wauta ta biyu. Na ɗauko guduma na bi ƙusoshin ina dannawa da ƙarfi, wai gyara nake. Na murƙushe sauran robar, na loɓa kwanon, kowace ƙusa ta samu ɗan gurbin da ruwa zai kwanta. Abin yi shi ne a zare wadda ta saki, a sa mai murɗi wadda ta ɗan fi ta kauri da sabuwar roba, a ɗaure har robar ta zauna, a tsaya nan.

Farin fenti na rufi yana da amfani ƙwarai, don yana mayar da hasken rana, ɗaki ya rage zafi. Amma ni a kan ƙura na shafa nawa, kuma da rana tsaka, saboda gaggawa. Ya bushe kafin ya kama, bai daɗe ba ya fara ɓarewa falle-falle. A wanke rufin, a kankare tsatsa, a bari ya bushe, a shafa da sanyin safiya. Ko bayan nan ƙura za ta dusashe farin, sai ana ɗauraye shi lokaci-lokaci.

Mai shimfiɗaɗɗen rufin kankare, kai indararo ne abin lurarka. Iska tana tara rairayi a bakinsa a hankali har ya toshe, ruwan irin wannan ƙasa kuwa in ya tashi zuwa, lokaci guda yake juyewa. Ruwa mai zurfin santimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya kilo 10 ne. Nauyin ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne ya kwana yana tsiyaya ta siraran tsagar da zafi ya yi, ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa simintin daga ciki. Tsintsiya da sharar 'yan mintoci sun isa su hana wannan, ni kuwa sai da na ga jan tabo a saman ɗaki na farga.

Kada kuma tabon silin ya ruɗe ku. Ruwa yakan bi katako ya gangara kafin ya ɗiga, ramin yana can sama da wurin. Na sha liƙe inda lafiyarsa lau. Ku leƙa cikin silin da rana, inda haske ke shigowa nan ne.

Bayan kowace guguwa a duba gefuna da kusurwoyi, don nan iska ke fara ɗaga kwano. A hau da sassafe tun bai yi zafin ƙona tafin hannu ba, da takalmi mai roba, ana taka layin ƙusa inda katako yake a ƙasa, wani kuma yana riƙe da tsani.